Dalilin da Ya Sa Na Buge Cokali Daga Hannunki

Agege, Legas.
Ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaishe da maigidanki Malam Nasiru, da amaryata Hafsatu wadda za ki gudu da ita gobe ki bar ni gwauro a Agege. Allah Ya tashe ku lafiya, Ya tsare muku hanya tun daga nan har Abuja, Ya kiyaye ku daga direba mai gyangyaɗi da ramukan titi da masu tare hanya. Allah Ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi wa mijinki ya zame muku alheri.

Rabon da ki ɗaga ido ki dube ni tun ranar Litinin. Kina gaishe ni kina kallon ƙasa, in na shigo ki sulale ɗaki. Innarku ta ce in kira ki in ba ki haƙuri kafin ki tafi. Na zo har bakin ƙofarki, bakina ya ƙi buɗewa, na koma. Akwai maganar da uba ba ya iya yi da 'yarsa ido da ido, balle wadda ta shafi nono da cikin jariri. Shi ya sa na janyo kujera bayan kanta na ɗauki biro. Innarku za ta miƙa miki takardar a tasha, ki karanta ta idan kin sauka kin huta.

Abin da ya faru kin san shi, amma bari in faɗe shi yadda ni na gan shi. Na shigo gida bayan azahar, na same ki a tabarma ke da gwaggon mijinki, Hafsatu tana cinyarki tana 'yar mura. Kin ɓare kafso ja da rawaya, kin zazzage garin a cokali, kin ɗiga ruwa kina juyawa da yatsa. Jaririyar da ko wata biyu ba ta cika ba! Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Cokali ya yi tsalle ya faɗa kwata, na daka miki tsawa a gaban surukarki, ni da ban taɓa ɗaga miki hannu ba tun da aka haife ki. Ba ki yi kuka ba. Kika ce a hankali, "Baba, ai kai ka koya mini." Gaskiya kika faɗa, kuma tun ranar maganar ba ta bar ƙirjina ba. Gobe za ki tafi garin da babu wanda zai tsaya a kanki idan kin sake ɗaukar cokali, kuma abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Lokacin da aka haife ki ni ɗan dako ne a kasuwar goro, huhu nake ɗauka a ka daga mota zuwa rumfa. Ɗaki ɗaya muke haya a gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna, kusa da layin dogo. Ba ni da kuɗin saya miki komai na gayu. Nonon uwarki kika sha har kusan shekara biyu. Kin yi rarrafe a tsakar gida tare da 'ya'yan maƙwabta, kuma kullum da safe Iya Rashidi, Bayarabiyar nan mai sayar da kamu a ɗakin ƙarshe, sai ta dama koko mai tsami ta ɗura miki tare da nata ɗan. A lokacin kunya nake ji, ina ganin na gaza a matsayina na uba. Ke kuwa ga ki ɓul-ɓul, in kin yi mura kwana kaɗan ta wuce.

Daga baya Allah Ya buɗa mini, na kama shagon nan na buɗe kemis. Ban yi makarantar magani ba ko ta wuni ɗaya. Ina shiga Ikko in saro kaya, in tambayi masu sayarwa wannan na mene ne, in riƙe a ka. Kafin a jima 'yan dako da direbobin bas ɗin danfo da matan unguwa sun raɗa mini suna Dakta. Sunan nan ya shige ni, Uwani, har in an kira ni da sunan yanka sai in ji kamar an rage mini wani abu.

A wannan yalwar aka haifi ƙanenki Habibu, Allah Ya jiƙansa. Na ce ɗana ba zai tashi irin tashin talaka ba. Tsofaffin gida suka ce a matse ruwan nono na farko a zubar, wai dakashi ne, yana da dauɗa, ban ce uffan ba, har na kawo ruwan sukari aka ba shi a maimakonsa. Sannan na sayo bulumboti da madarar gwangwani mai hoton jariri ƙato a jiki. Innarku ta ce, "Malam, ai nonona ya ishe shi, har zuba yake yi." Na ce mata ta yi mini shiru, me ta sani? Matan manyan ma'aikata a Ikeja abin da suke ba 'ya'yansu ke nan. Nan da nan yaro ya saba da roba ya ƙi uwarsa, nononta ya ƙafe. Da ruwan rijiya ake dama madarar, wani lokaci a tafasa, wani lokaci in ana sauri a'a. Gwangwanayen da ya shanye ma jera su nake yi a kan taga don masu wucewa su gani.

To ki ji, Uwani. Ki ba yarinyar nan nononki, shi kaɗai, har ta kai lokacin da ma'aikatan asibiti za su ce a fara haɗa mata da abinci, kuma ko an fara kada ki yi gaggawar yaye ta. Za ki je garin da matan ma'aikata suke gasar kayan jarirai, wata za ta dube ki ta ce har yanzu ke nono kike bayarwa kamar 'yar ƙauye. Ki yi murmushi ki ƙyale ta. Idan Allah Ya ba ki wani cikin, ruwan farkon nan mai kauri kada ki bari kowa ya zubar da shi, ko Innarku ce, ko uwar mijinki. Ki faɗa musu da ladabi cewa babanki ne ya hana, su zo su same ni.

Sai kuma wankin ciki, wanda kin tuna da shi sarai. Zamanin da sojoji suka ɗora wa kowa sharar gari ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ba a fita da safe, kowa yana yashe kwatar ƙofar gidansa. Ni kuma sai na ce tunda ana wanke gari, bari a wanke ciki. In jera ku a kan benci, ke da Habibu, in ɓare kafso a cokali in ɗura muku, kuna kuka ina cewa ku haɗiye, dattin ciki nake kashe muku. Ko da lafiyarku lau, babu mai zazzaɓi a cikinku, sai na ɗura muku. Maƙwabta suka gani su ma suka riƙa turo nasu. Ban tsaya nan ba: mura, kafso, fitowar haƙori, kafso, yaro ya yi kuka da yawa, kafso. A wajena duk wata ƙwaya da ido ba ya gani maƙiyiya ce, kuma cikin da ya fi lafiya shi ne wanda aka kashe komai a cikinsa.

Layin nan mai ruwan ƙasa da ke haƙoranki na gaba, wanda ya sa kike rufe baki da mayafi in za ki yi dariya, mun gaya miki ruwan rijiyar Agege ne. Ba shi ba ne. Ja da rawayan nan ne, haka yake yi wa haƙoran yaron da aka ba shi yana ƙarami. Ranar bikinki na lura ko a hoto ba ki buɗe baki ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ki yafe mini wannan.

Ke da ƙarfinki kika shiga hannuna, shi ya sa kika tsira da tabon haƙori kawai. Habibu kuwa tun yana tsumma na fara da shi. Na hana shi sauka tsakar gida, na hana shi wasa da 'ya'yan maƙwabta. Wata safiya na tarar Iya Rashidi tana ba shi koko, na karɓe kofin na watsar, na ce kada ta ƙara ba ɗana ruɓaɓɓen abu. Matar nan ta dube ni ta ce, "Oga Dakta, pele o, sannu. Wannan ruɓaɓɓen shi ya raini Uwani." Ta shige ɗakinta. Duk da tsaron nan yaron bai taɓa yin wata guda cur da lafiya ba. Gudawa ta tafi ta dawo, harshensa ya yi fari fat kamar an shafa masa kindirmo, ƙuraje, tari, duk ciwon da ya ratsa unguwa a kansa yake sauka. Ni kuma duk lokacin da ya kwanta sai in ce dattin ne bai gama fita ba, in canza masa wani kafson mai ƙarfi.

Yana shekara uku ƙyanda ta shigo layinmu. Ban kai shi rigakafi ba, don ina ganin mai kemis a gida me zai je yi a layin asibiti tare da matan unguwa? Yara da yawa sun kwanta sun tashi, ke ma kin yi ta kin warke. Shi ta kama shi ta ƙi saki. Innarku ta roƙe ni har da durƙusawa in kai shi asibiti, na ce ta bari in gwada wata allura tukuna, mutane za su ce Dakta ya kasa da ɗansa. Ranar da na yarda na ɗauke shi, ko kuka ba ya iya yi. Likitan da ya karɓe shi ya duba idonsa, ya dube ni, ya ce, "Me ya sa sai yanzu?" Washegari da hantsi ya cika. Na rungumo shi a zanin uwarsa muka dawo gida a tasi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma Allah Ya ba ni amana, kuma Ya ga yadda na riƙe ta. Don haka ki kai Hafsatu kowace rigakafi, kada ki tsallake ko ɗaya, ko da za ki wuni a layi. In kin ga jikinta ya yi zafi, ko ta ƙi kama nono, ko numfashinta yana sauri, ko gudawa ta sa idonta ya faɗa, ki saɓa ta ki tafi asibiti a lokacin, kada ki jira mijinki ya taso daga ofis. Gara su yi miki dariya su ce ba komai ki koma gida.

Za ki yi zaton mutuwar Habibu ta farkar da ni. Ina! Cewa na yi ƙyandar ce mai zafi, na ci gaba da sana'ata yadda na saba, har ke ma da kika yi wayo na zaunar da ke a shago bayan makaranta kina ƙulla wa mutane kafso bibbiyu a takarda. Sai shekarar da sojoji suka koma bariki, kina amarya a Ikorodu, Allah Ya kama ni a jikina. Ƙusa ta soke ni a ƙafa, wurin ya yi ruwa. Na sha kafso iri kaza, mako ya bi mako, ƙafa ta warke, ciki ya ɓalle. Gudawa babu tsayawa. Na ƙara wani kafson don in tsayar da ita, abin ya ƙara lalacewa. Na rame har wandona yana zamewa. Rannan na miƙe zan ɗauko wa wani maganin tari, sai farkawa na yi a bayan danfon Rashidi, ɗan matar nan da na watsar wa koko, yana ta zabga hon a hanyar asibitin Ikeja. An gaya miki taifot ce. Ni na ce a gaya miki haka.

Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba za ta girme ki da yawa ba. Ta sa aka ɗaura mini ƙarin ruwa, sannan ta ce, "Baba, wetin you swallow?" Wato me na haɗiya. Na fara kame-kame. Ta juya wajen Innarku ta ce da Yarabanci a je a kwaso duk abin da na sha. Innarku kuwa kamar jira take yi, ta dawo da leda cike da fankon kwalaye, likita ta zazzage su a kan gadona. Ta daɗe tana kallonsu. Ta tambayi wane likita ne ya rubuta mini, Innarku ta ce, "Ai shi ne Daktan." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da na ɗan farfaɗo ta janyo kujera ta zauna, ta ce za ta gaya mini wani abu saboda mutanen da ke zuwa shagona. Ta ce cikin hanjin kowane mai lafiya cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa, kuma mafi yawansu ba cuta ba ne, tare muke rayuwa da su tun daga haihuwa. Na ce, "Subhanallahi, a cikin mai lafiya?" Ta ce ƙwarai, mai lafiya ma ya fi kowa yawansu. Suna cin abin da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin su ganye da dusar hatsi da wake, su fitar da abin da ke ƙarfafa bangon hanji. Ta ce jariri daga jikin uwarsa yake samun na farko, wajen haihuwa da wajen shan nono, kuma a cikin nonon uwa har abincinsu Allah Ya zuba.

Ta tambaye ni irin gidan da nake zaune, na gaya mata. Ta ce to in ɗauka hanji gidan haya ne irin namu. In kowane ɗaki da mutum a ciki, ɓarawo ba ya samun wurin shimfiɗa tabarma. Kuma masu gadin jiki, waɗanda ake kira garkuwar jiki, da yawansu a bakin hanji suke zaune, a nan suke koyon aiki. Zama da maƙwabtan nan ne yake koya musu wane ne ɗan gida, wane ne baƙon da ya zo da sharri, yaushe za a tashi a yi faɗa, yaushe za a kwantar da hankali. Mai gadin da bai taɓa zama da kowa ba, ko dai ya yi barci ɓarawo ya wuce, ko ya rufe ɗan gida da duka. Ta nuna kwalayen da ke kan gado ta ce, "Wannan kuwa ba ya tambayar suna. Da ɓarawo da mai haya duk kora yake yi. Kai ka kori mutanen gidanka, wani mugu da magani bai kashe ba ya samu ɗakuna babu kowa ya baje."

Sai na ce, "Likita, a ce yaro ne, tun yana jariri ba a ba shi nono ba, kuma kowane wata ana ba shi wannan." Ta dube ni ta ce, "Baba, ɗanka ne?" Innarku da ke zaune a gefen gado ta ja mayafi ta rufe fuska. Likitar ta ce ba za ta yanke hukunci a kan yaron da ba ta gani ba, ƙyanda tana kashe har yara masu ƙarfi, kuma akwai abubuwa da yawa game da halittun nan da su kansu likitoci ba su gama sani ba. Amma ta ce yaron da gudawa ta daɗe tana ci, kuma ana ta share masa ciki, in babban ciwo ya zo yakan same shi da ƙarancin abin kare kai. Na juya fuskata bango na yi kukan da ban yi ba ranar da muka binne shi.

Kada ki fahimce ni a karkace, ki ce Baba ya ce magani guba ne. Ni kaina da magani aka warkar da ni, amma sai da aka yi gwaji aka gano abin da ke cina, aka zaɓi wanda ya dace da shi. Kafso yana ceton rai in ciwon nasa ne. Idan likita ya duba Hafsatu ya rubuta mata irin wannan magani, ki ba ta yadda ya ce, a kan lokaci, har ya ƙare, kada ki tsaya a rabi don kin ga ta warware, kada kuma ki ɓoye ragowar don wata rana. Abin da na hana ki shi ne ki zama ke ce likitar. Mura ba ta jin kafso, da kanta take wucewa. Kuma babu wani abu wai shi wankin ciki, ni da ire-irena muka ƙirƙiro shi.

Haka nan kada ki ce tunda akwai ƙwayoyi masu amfani, to a bar yarinya cikin ƙazanta. A'a. Ruwan kwata da ruwan rijiyar da ke kusa da masai suna kashe yara, na ga wannan da idona a unguwar nan. Ki tafasa ruwan sha, ki wanke hannu da sabulu in kin fito bayi ko kin wanke mata kashi, ki rufe abinci saboda ƙuda. Amma in ta fara rarrafe ki share tsakar gida ki sauke ta, ta yi wasa da 'yan'uwanta yara. Kada ki kulle ta a ɗaki kamar yadda na kulle Habibu.

Maganar abinci kuma, da aka sallamo ni likitar ta ce in koma cin abin da na taso da shi. Na dawo gida ina shan koko mai tsami da kindirmo mai tsabta, ina cin wake da zogale da miyar kuka mai daddawa, da ayoyon da na daɗe ina rainawa. Ta ce ba magani ba ne, kada in ɗauke su a haka, amma suna taimaka wa ciki ya koma yadda yake. Iya Rashidi, da tsufanta, kullum sai ta aiko mini da kamu, ba ta taɓa tuna mini da abin da na yi mata ba. A hankali jikina ya dawo. Ke ma mai shayarwa ce, kada ki je Abuja ki koma burodi da lemon kwalba da taliyar leda don an ce abincin 'yan birni ke nan. Innarku ta ƙulla miki daddawa da kuka da gero a buhun da ke ƙarƙashin akwatinki, na ga kina hararar buhun. Ki tafi da shi.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi. Tun da na dawo daga asibiti na daina sayar da kafso sai da takardar likita. Mutum ya zo ya ce, "Dakta, ba ni ja da rawaya guda biyu," in ce babu. Wasu su ce Dakta ya tsufa, su tsallaka titi su saya a gaba. Wannan bai dame ni ba. Amma ban taɓa tsayawa na ce wa kowa abin da na koya muku shekara da shekaru ƙarya ne ba. Girman kai ya hana. Ko ke, 'yar cikina, na bar ki kika yi ciki kika haihu kika gama wanka a gidana ban buɗe baki ba, ina ta cewa gobe. Da kika nema a shago aka ce babu, sai kika aika aka sayo miki wajen mai tallan magani a tasha, kina ganin abin kirki kike yi wa 'yarki. Tsawar da na yi miki ranar Litinin ni ya kamata a yi wa ita. Ki gaya wa gwaggon mijinki ina ba ta haƙuri, kuma in kin ga dama ki karanta wa Malam Nasiru takardar nan, ba na ɓoyon komai yanzu. Na kuma yi niyyar gobe bayan sallar Juma'a in faɗa wa mutanen layinmu da bakina, ko da za su daina kirana da sunan da suka saba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini nauyin rubutawa. Makon jiya wata mata ta shigo da yaro jikinsa kamar wuta, tana kuka tana cewa in taimake ta. Uwani, kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kai kan kanta ya ɗauko kwalba. Sai da na ga kwalbar a hannuna na dawo hayyacina, na mayar, na tare mata babur ɗin okada zuwa asibiti. Bayan duk abin da na gani, halin yana nan a jikina bai mutu ba. To ina ga ranar da za ki kira ni da muryar kuka ki ce Hafsatu ce?

Na ji mijinki ya sayi wayar hannun nan da ta shigo, kuma yarinyar da ke zama da wayar haya ƙarƙashin lema a bakin layinmu tana karɓar kira ta aiko a kira mutum. Ki riƙa kirana. Ki gaya mini ta yi haƙori, ta zauna, ta fara tafiya, ki sa mini ita a waya in ji gwarancinta. In ba ta da lafiya ma ki gaya mini, in tashi in yi mata addu'a. Amma kada ki taɓa tambayata abin da za ki ba ta. In kuma tsoro ya ruɗe ni kika ji na fara ambaton sunan wani magani, ki kashe wayar ina cikin magana, ki ɗauki 'yarki ki tafi asibiti. Ban ɗauke shi rashin kunya ba, ni na umarce ki, kuma na yafe miki tun yau. Na binne ɗa da hannuna, Uwani. Ba ni da ƙarfin binne jika.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku sauka a cikin mutanen kirki. Allah Ya raya Hafsatu, Ya ba ta lafiya mai ɗorewa, Ya sa ta yi dariya da bakinta a buɗe. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, Ya jiƙan Habibu, Ya yafe mini. Innarku ta ce ki riƙa rufe kan yarinyar a mota saboda iska.

Wassalam.

Babanki.